Kamfani ya mutu ya bar gado, kansila aka bar wa bashin

Malam Edita assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya kara basira. Dan Allah a dan sam min fili in amayar da abin da ya dade yana ci na a rai, kuma tun yanzu ina ba da hakuri don nasan zan yi tsawo, in ka ga dama ka datse amma ka taimaka kar a datse wajen maganar kwalbatin nan, don ita ce ta sa na dauki waya na fara wannan rubutun tun farko.

Ni dai shekara 19 na yi ina aiki a masana'anta bangaren sito, har ranar da aka tara mu aka ce an dakatar da aiki na wata uku za a yi wa injina garambawul, toh wata ukun nan ne har yau bai kare ba, a cikinsa na yi furfura. Unguwar da nake zaune kamfanin ne ya haife ta, kafin shi ba komai a wurin sai fili. Maganata a kan kansiloli ce, irin wadanda Allah ya hada su da mazabar da a da jiniya ke tada mutane da asuba hayaki na tashi, yanzu kuma sai kangaye da ciyawa da awaki. Duk majalisar da ka zauna zaginsu ake yi, nima na zaga ba sau daya ba ba sau biyu ba, amma daga baya na gane cewa yawancinmu ba mu ma san a kan me ya kamata mu zage su ba, muna zagin wanda ke aiki muna tafa wa mai daukar hoto.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne kamfani ba albashi kadai yake bayarwa ba. Lokacin da namu ke raye ai shi ne karamar hukumar a boye. Ruwan famfo daga tankinsa yake fitowa, fitilun titi a layinsa suke, asibitin ma'aikata har makwabta yake gani, motar kashe gobararsa ita ke zuwa in gida ya kama, masu gadinsa in suna zagayen dare barawo ba ya sakewa a layukan da ke jikin katanga, sannan duk shekara kafin ruwa ya sauka leburorinsa ke yashe magudanai. Ba wanda ya taba rubutawa a takarda cewa wannan aikin wane ne, kawai ana yi ne. Ranar da aka sa kwado a get duk wadannan suka mutu tare, ba sanarwa, ba a mika wa kowa ba. Kuma a daidai lokacin ne kudin shigar karamar hukuma ya fadi, don harajin kamfani ya tsaya, masu shagunan da ke cin arzikin ma'aikata sun rufe, masu gidajen haya dakunansu sun zama fanko. Wato kaya ya ninka jaki kuma ya rame.

Kuma wannan ba cutar wuri daya ba ce, daga Kakuri ta Kaduna inda masakar da aka bude a 1957 ta rufe a 2002 har zuwa Amurka labarin daya ne. Dubi Detroit, garin kera motoci, a 1950 mutanensa sun kai wajen miliyan 1.8, a kidayar 2020 ba su kai dubu 640 ba, amma fa tituna da bututun ruwa da fitilun da aka yi wa mutum kusan miliyan biyu suna nan suna jiran gyara. A 2013 garin ya je kotu ya ce ya tsiyace ba zai iya biyan bashinsa ba, lokacin kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titinsa ba sa kamawa. Da suka tashi farfadowa ba da wani katon abu suka fara ba, fitila suka bi suna sawa har guda dubu 65 zuwa karshen 2016. In Amurka da kudinta sai da ta koma kan fitilar titi, ina ga wanda bai kai ta ba.

Toh ga maganar kwalbatin.

Layuka uku ne a unguwarmu duk damina sai ruwa ya shiga gidajensu, ba ambaliyar kogi ba fa, ruwan sama ne kawai da ya rasa hanya, in an yi mai karfi da dare sai ka ji mata na ta kwarfe da bokiti da kwano har gari ya waye, katifu a kan katanga, yara ba makaranta. Shekara da shekaru ana haka. Kansilolin baya abin da suke yi shi ne su kawo buhunan yashi a tifa daya, a jera, a tsaya a dauki hoto a sa a Facebook, shikenan sai badi. Da aka zabi wannan na yanzu, yaro ne sa'an dana na fari kuma gaskiya ni ban zabe shi ba, ya zo ya tsaya cikin ruwan ya nade wando har gwiwa sai ya yi wata tambaya da ta ba ni kunya don ni da na yi shekara 19 a wurin ban taba yin ta ba. Ya ce Baba, da can da kamfani ke aiki ina ruwan nan yake bi?

Aka yi shiru, kowa na kallon kowa. Sai wani ya tuna da wani dattijo tsohon falamban kamfanin da ya kwanta rashin lafiya ba ya ko fita. Washegari kansilan ya dauko shi a bayan mota, tsohon nan da sandarsa yana tafe yana hutawa ya kai mu jikin katangar kamfanin ta gabas ya buga kasa da sanda ya ce ku tona nan. Ashe akwai katon kwalbati da ya bi ta karkashin katangar ya ratsa harabar kamfanin gaba daya ya fita ta baya ya zuba a rafi, kuma daga ciki akwai ragar karfe mai tare shara wadda leburori biyu ke kwashewa duk sati in damina ta kama. 'Yan jari bola sun dade da cire ragar, wani bangare na katangar ya rufta ciki, kasa da leda suka cika sauran, har bishiya ta fito a kai. Tsohon ya karbi biro ya zana mana hanyar ruwan a bayan wani kwali, da inda kowane murfi yake, hannunsa na rawa amma bai yi kuskure ko daya ba.

Kai ka ce an gama ko? Ai nan aka fara. Don kwalbatin a cikin filin mutane yake, kansila ba shi da ikon shigar da katafila cikin harabar da ba ta hukuma ba, in ya shiga kotu za a kai shi. Waye mai filin? Kamfanin ya mutu da bashin banki a wuyansa, an nada masu kula da kadara, su kuma ana shari'a da su, masu gadin da ke get ma ba su san wa ke biyansu ba, wani wata a biya wani wata shiru. Yaron nan ya fi shekara yana rubuta wasika, daga ofishin filaye zuwa ofishin muhalli zuwa lauyoyin masu kula da kadarar, ya gabatar da kuduri a zauren majalisa aka ajiye ya sake gabatarwa, kullum ka gan shi da fayil a hammata har 'yan unguwa suka sa masa suna kansilan fayil, ana yi masa dariya, ana cewa dubi na mazabar makwabta ya raba kekunan dinki kai kana yawo da takarda. Wallahi har ni na taba fada masa magana mara dadi a gaban mutane, ya ce min Baba ka yi hakuri, bai kara komai ba.

Da izinin ya fito, aikin kansa kwana biyu ya dauka. Katafila daya, tifa biyu, matasan layin da shebur. Daminar da ta biyo ba gidan da ruwa ya shiga. Kuma ba allon da aka kafa da sunansa don kwalbati a karkashin kasa yake, ba a yanka masa kyalle, ba ya fitowa a hoto. Kekunan dinkin can kuwa rabi an sayar tun satin da aka raba.

Wannan ya sa nake cewa aikin kansila a irin wannan wuri daban yake da na sauran wurare. Shi magaji ne na mamacin da bai bar wasiyya ba, sai ya bi ya gano me aka bari, ina takardun suke, wa ke bin bashi, me aka binne. Kuma maganar binnewar nan ita ce ta fi tayar min da hankali, don masana'anta in ta tafi ba gini kadai take bari ba.

Mu da muka yi aiki a ciki mun san inda ake zubar da abubuwa. Mun san ramin da ake tara ruwan rini da na wankin injina ya kwanta, mun san inda ake jibge tsofaffin batura da durom din sinadaran da suka lalace, mun san dakin taransifoma da bakin mai ya jike kasarsa. A lokacin ba wanda ya ce mana komai kuma mu ma ba mu tambaya ba, albashi muke jira. Yanzu ramin nan ya zama tafki, in ka je da rana za ka tarar da yara tsirara suna iyo a ciki, ruwan wani kala-kala kamar an zuba kananzir, wasu ma har kamun kifi suke. Rufin manyan dakunan kuma na asbesto ne, masu kwasar karfe na farfasa shi da guduma don su kai ga rodi, kurar na tashi suna shaka ba ko kyalle a hanci, alhali wannan kurar sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye take fito da cutar daji a huhu, lokacin ba wanda zai tuna daga ina ta zo.

Sai kuma babban abin da kowane kansila ke so ya yi don a gani, wato rijiyar burtsatse. A wani wuri alheri ce ba musu. Amma a jikin tsohuwar masana'anta, ka haka rijiya ba ka kai ruwan dakin gwaji ba, kana iya shayar da mutane guba da hannunka kana murna an yi aiki. Gubar dalma ba ta da kala ba ta da wari ba ta da dandano, ruwan zai fito garau, kuma tafasawa ba ta kashe ta don ba kwayar cuta ba ce, sai ma ta kara kauri in ruwan ya kone. Yara take fi kamawa, ta taba kwakwalwa, yaro ya taso ba ya gane karatu a ce dakiki ne. A Kabwe ta kasar Zambiya an rufe mahakar dalma tun 1994 amma har yau kurar da ke unguwannin kusa da ita tana shiga jinin yara, yaran da ko iyayensu ba su yi aiki a mahakar ba.

Akwai labarai biyu da nake so duk wani kansila ya sani kafin ya sa hannu a kan takardar fili. Na farko a garin Niagara Falls na jihar New York, wani kamfanin sinadarai mai suna Hooker ya binne sharar guba wajen tan dubu 21 a wani tsohon rami da ake kira Love Canal, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantun garin filin a kan dala daya tak, har ya rubuta a takardar cinikin cewa akwai shara a kasa kuma ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Su kuma suna ganin sun samu banza suka gina makarantar firamare a wurin, gidaje suka zagaye. Sai a 1978 abin ya fashe, sinadari na bullowa a dakunan karkashin kasa da filin wasan yara, wata matar aure Lois Gibbs da danta ke makarantar ta dinga bi gida-gida tana tara sa hannu, a karshe sai da gwamnati ta kwashe daruruwan iyalai, kuma wannan ne ya jawo dokar share gurbatattun filaye ta 1980 a Amurka. Wadanda suka karbi filin nan ba mugaye ba ne, makaranta suke nema, amma araha ta rufe musu ido.

Na biyu ya fi kama da namu don majalisar gari ce da kanta. Corby a Ingila garin karafa ne, aka rufe masana'antar a 1980 dubban mutane suka rasa aiki, majalisar garin ta ce bari mu share filin mu jawo sabbin kamfanoni, niyya mai kyau. Amma yadda aka yi sharar, manyan motoci a bude ba tamfol suna ratsa gari da gurbatacciyar kasa, tabo na zuba a titi ya bushe ya zama kura, mata masu ciki na shaka. Aka rika haihuwar yara da nakasa a hannu da kafa, wasu ba yatsu. Iyayen suka yi shekaru suna shari'a, a 2009 babbar kotu ta ce majalisar ta yi sakaci, a 2010 aka sasanta aka biya. Kaga ko gyaran ma in ba a san yadda ake yi ba barna ne, ba wai a samo dan kwangila dan uwan wane a ba shi tifa goma a ce ya kwashe ba.

Yanzu wani zai ce Malam duk wannan ai ya fi karfin kansila, kansila nawa yake. Gaskiya ne, ni ma na sani, ba shi da kudin gwajin kasa ba shi da injiniya ba shi da ikon kama kowa, wani wurin ma sai abin da ciyaman ya ga dama ya sam masa. Amma yana da abu daya da ni ba ni da shi, in ya yi magana a zauren majalisa dole a rubuta, in ya rubuta wasika da hatimi dole a bude mata fayil. Kuma rubutun nan yana da rana. A kauyen Aberfan na yankin Wales, ranar 21 ga Oktoba 1966 da safe yara sun shiga aji kenan, tsibin sharar kwal da aka jibge a kan tudu bisa idon ruwa ya zame ya rufe makarantar firamare, mutum 144 suka mutu, 116 daga ciki yara. Da aka zauna bincike sai ga wasikun da majalisar yankin ta rubuta wa hukumar kwal tun 1963 tana korafin hadarin sharar da ake zubarwa a bayan makarantar, kuma kwamitin binciken ya dora laifin a kan hukumar kwal din. Wasikun sun hana a ce ba a sani ba. Amma fa ba su ceci yaro ko daya ba, kuma wannan ne bangaren da ke hana ni barci, don ya nuna rubutu kadai ba ya isa, in ka rubuta aka yi shiru sai ka fito ka tara iyaye ka kira 'yan jarida ka yi ta ihu har a gaji da kai. Kansilanmu na fayil ma abin da nake fada masa kenan, takarda da baki tare suke tafiya.

Wani lokacin kuma kansilolin sun yi nasu sai a taka su daga sama. A Flint ta jihar Michigan, garin da kamfanin General Motors ya samo asali, da gari ya talauce sai gwamnatin jiha ta nada manajan da ba zabarsa aka yi ba ta ba shi iko a kan zababbu. A watan Afrilun 2014 aka juya ruwan shan garin zuwa kogin Flint don a rage kashe kudi, ba a sa maganin hana bututu cin tsatsa ba, dalma ta rika narkewa daga tsofaffin bututu tana shiga gidaje. Abin takaici tun a Oktoban 2014 masana'antar injin mota da ke garin ta daina amfani da ruwan don yana cin karafanta, amma mutane aka ce su ci gaba da sha. A Maris din 2015 kansilolin garin suka kada kuri'a 7 da 1 cewa a koma ruwan da, manajan ya ce a'a, sai a Oktoban 2015 aka koma bayan likitoci sun nuna dalma ta karu a jinin yara. Duk inda ka ga an ture zababbe an dora nadadde a kan unguwa toh wanda aka dora ba kofarsa za a buga da dare ba, shi ya sa ba ya jin zafin.

Mu ma talakawa muna da namu laifin kuma babba ne. Ka je kofar gidan kansila da sassafe ka ga layi, wannan kudin magani, wannan kudin haya, wannan kudin makarantar yara, kuma ba na zargin kowa don unguwar da aiki ya mutu yunwa gaskiya ce, ni kaina akwai hakkokinmu na barin aiki da har yau muke bi. Amma mun mayar da kujerar ta zama ta rabon kudi, wanda ya ba ka a hannu shi ne mutumin kirki, wanda ya hana a yanka fuloti a kan ramin guba shi ne mai bakin ciki. Sannan lokacin zabe duk wanda ya hau mumbari ya ce zai dawo da kamfani sai mu yi ta tafi, alhali mun fi kowa sanin injinan an kwance an sayar a kilo, ko wayar wuta ba a bari a bango ba. Kansila ba zai iya dawo da masana'anta ba, wanda ya ce zai iya ko dai bai san aikin ba ko ya raina mana hankali.

Abin da zai iya shi ne ya sa a daina jiran gawa ta tashi. A yankin Ruhr na Jamus sun hakura da kwal, mahakarsu ta karshe a Bottrop an rufe ta a Disambar 2018, wata tsohuwar mahakar mai suna Zollverein a garin Essen da aka rufe a 1986 sun mayar da ita wurin tarihi da ake zuwa kallo har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Dinkin Duniya, ta sa ta a jerin wuraren tarihi na duniya a 2001. Amma ni ba wannan ya fi burge ni ba, abin da ya burge ni shi ne kasar yankin ta lotsa saboda hakar da aka yi, dole injinan zuke ruwa su yi ta aiki har abada in ba haka ba unguwanni su nutse, sai suka zauna tun kafin a rufe suka kafa gidauniyar da za ta rika biyan wannan kudin. Wato sun raba gado tun mai shi na da rai. A Preston ta Ingila kuma, tsohon garin masaku, kansiloli ne suka bi manyan hukumomin da ke garin irin su kwaleji da jami'a da 'yan sanda suna lallashinsu su rika ba 'yan gari kwangila da sayayya, cikin shekara hudu zuwa 2017 kason da ke tsayawa a garin ya tashi daga wajen kashi 5 zuwa 18 cikin 100. Ba sabuwar masana'anta suka kawo ba, kudin da dama ake kashewa suka hana shi fita. A Detroit ma kangon fili da ke jikin gidanka ana sayar maka a dala 100 don dai ka share ka kula da shi ya daina zama matattarar 'yan shaye-shaye.

Kar kuma a dauka ina wanke kansiloli ne duka, haba. Akwai wadanda tun ranar rantsuwa idonsu na kan filin kamfanin, su ne za ka gani da magariba da safiyo da wasu masu manyan motoci ana auna jikin katanga, kwana biyu ka ji an fitar da fulotai har kan hanyar ruwa, in ka yi magana a ce ci gaba ne. Akwai wanda tunda aka zabe shi ya tashi daga unguwar ya canza lamba. Irin wadannan ba abin da ke taimakonsu kamar duhu, don ba wanda ke zuwa zaman majalisa ya ji me aka tattauna, mutane da yawa ba su ma san ana zaman ba.

Shi ya sa Malam Edita rokona gare ku, kuna ta bin gwamnoni da ministoci, dan Allah ko sau daya a wata ku tura wakilinku ya zauna a bayan zauren majalisar karamar hukumar da ke da irin wadannan matattun masana'antu, ya ji wa ya yi magana wa ya yi barci, ya nemi rahoton zaman ku buga. Ya tambayi kowane kansila waye mai filin kamfanin da ke mazabarka a yau, in ya kasa amsawa ku rubuta ya kasa. Ya tambaye shi rijiyar da ka haka an gwada ruwanta, ina takardar. Kuma ku nemi tsofaffin ma'aikata ku yi hira da su tun suna raye, falambobi da masu gyaran wuta da direbobin da suka rika kwasar shara, don abin da ke karkashin kasar nan a kawunansu yake ba a wani ofis ba, kamfanin da ya tafi da takardunsa ya tafi ko gara ta cinye.

Mu dai yanzu abin da ke gabanmu tafkin nan ne. Kansilan ya debi ruwansa a gora uku da na rijiyoyi biyu da ke kusa ya kai gwaji da kudin aljihunsa, sati bakwai kenan ana ce masa ya dawo jibi, kuma ya gabatar da kudurin a kewaye wurin da waya an ce sai an ga kasafin badi, yaran kuwa jiya ma na kore su da sanda suka zagaya ta baya suka koma. Tsohon falamban nan Allah ya yi masa rasuwa bayan damina, Allah ya jikansa ya sa ya huta, kwalin da ya yi mana zane a kai shi kadai ne taswirar magudanan unguwar da muke da ita, yana cikin fayil din kansilan har ya fara yagewa ta wajen nadin, na ce masa ya yi hoto kofi ko guda biyar ya ba ni daya in ajiye ya ce toh Baba, har yau ina jira.

Naka mai karanta jaridarku kullum,
wani tsohon ma'aikacin sito.